Kwalin da Bai Dawo Ba

Hoyt Beasley bai ko kakkaɓe dusar ƙanƙarar da ke takalminsa ba ya faɗo ɗakin, ya dire wani ƙunshin tsumma a kan teburin cin abinci, har cokula suka yi tsalle.

"Kwance ka gani, Baba Orval. Aikin hannunka ne."

Maxine Ruud tana tsaye gaban murhu tana ɗumama romon kaza da ta kawo wa tsohon daga gidanta, wanda shinge kaɗai ya raba da nasa. Ta juyo da ludayi a hannu. Hannun Hoyt na dama a naɗe yake da bandeji har wuyan hannu, jini ya ɗan ɓullo ta wajen babban yatsa.

Orval Stensrud ya gyara robar iskar oksijin da ke hancinsa, wadda ke taimaka masa numfashi, ya jawo ƙunshin a hankali ya warware. Ƙaramar bindiga ce, libarba, ko kuma abin da ya rage nata. Gangar da ke ɗaukar harsasai ta tsage gida biyu, ƙarfen da ke samanta ya banƙare kamar murfin gwangwanin kifi.

"Harbi na huɗu," in ji Hoyt. "Gwangwani kawai nake harbi a bayan garke. Likita ya ce da gutsuren ƙarfen ya ƙara yin sama kaɗan, da yanzu matata na zaɓar mini akwati."

"Bindigarka ce ta gaji," in ji Orval. "Shekara nawa ina gaya maka ka riƙa wanke ta? Kai ko haƙoranka ba ka wankewa."

"Bindigar ta girme ni lafiya. Harsashinka ne."

"Shekara hamsin da biyu ina ɗura harsashi a kwarin nan, yaro. Tun ubanka na goya ka. Ka taɓa jin ko ƙyanƙyaso ya mutu ta dalilina?"

"To yau ka ji." Hoyt ya zaro kwalin harsasai daga aljihun rigar sanyinsa da hannun hagu, ya ajiye kusa da bindigar. "Ba rigima na zo yi ba. Na ce dai gara ka ji daga bakina."

Ya fita. Iskar da ta shigo kafin ƙofar ta rufu ta kaɗa labule.

Maxine ta zuba romon ta ajiye masa, bai ko dube shi ba. Idonsa na kan takardar da ke manne a jikin kwalin, mai rubutun hannunsa: kwanan wata na watan Oktoba, da lamba huɗu cikin tara.

Duk wanda ya tashi a kwarin nan na jihar Montana ta Amurka ya san rumfar Orval. A can yake narka dalma ya zuba a mazubi, harsasai su fito suna sheƙi. A can yake auna albarushi a ɗan sikelinsa, littafin awo a buɗe a gefe, ko da yake ya haddace shi tun kafin gashinsa ya yi fari. Maxine ta yi shekara talatin tana raba wasiƙu a kwarin, kuma babu ranar da za ta tsaya a ƙofarsa ba ta ji yana yi wa wani huɗuba ba: a fara daga awo mafi ƙanƙanta, a bi littafi, kada a biye wa ɗan'uwa mai cika baki. Kwanson harsashin libarba yana da zurfi, albarushin da ake sawa ƙarƙashin harsashin dalma kuwa ɗan mitsitsi ne. In mutum ya zuba sau biyu ba zai zubo ba balle ya farga. Saboda haka Orval kan jera kwansunan a kan allo, ya haska fitila cikin kowanne, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya toshe bakinsa. Har tsokanarsa ake yi, wai ko kofi aka ba shi sai ya leƙa da fitila.

"'Yar gidan waya," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗauki kwalin nan ki je rumfa. Akwai guduma mai rami a ƙusa ta uku. Ki farke su duka, ki zuba albarushin kowanne a sikeli."

"Ba sai in auna su a ɗure ba? Wanda ya fi nauyi..."

"Dalmar gida ba ta zuwa daidai. Bambancin harsashi da harsashi ya isa ya ɓoye miki kuskuren. Sai an farke."

Da kansa zai so ya je, ta sani. Amma robar da ke haɗe da injin iskarsa tsawonta taku goma sha biyar ne. Takan kai shi bayi, ta kai shi tagar kicin, ta ƙare saura taku biyu ya taɓa ƙofar baya. Ko da ta kai, likita ya riga ya gaya masa iskar nan da albarushi ba sa kwana ɗaki ɗaya. Tun watan Nuwamba rabonsa da rumfar, sai dai ya hango rufinta ta taga.

Sanyi ya sandarar mata da yatsu kafin ta gama. Arba'in da shida ta farke. Uku daga ciki sun sa allurar sikelin ta buga sama. Ta sake aunawa, ta kuma sakewa, ko Allah zai sa ita ce ta yi kuskure.

Da ta dawo, ta ɗaga masa yatsu uku.

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsun nan. Injin iskar na ta huci a lungu.

"Na haska," ya ce. "Na rantse miki na haska fitila. Na tuna ina haskawa." Ya shafa idanunsa. "Ashe kallo kawai nake yi, ba gani ba."

"Tsautsayi ne, Baba."

"Kar ki raina mini hankali, Maxine. Tsautsayi shi ne bishiya ta faɗo wa mutum. Wannan ni na zuba da hannuna, na naɗe, na miƙa wa mutane suna mini godiya." Ya tura kwanon romon gefe. "Kwalaye tara na rabar. Kawo takarda."

Na ɗaya yana gidan Maxine ɗin kanta, a aljihun tebur kusa da gado. Ta riga ta harba goma sha biyu daga ciki lokacin da kerkeci ya addabi kajinta. Da ta tuna haka sai da ta nemi kujera. Na huɗu na Hoyt ne. Orval ya runtse ido yana lissafo sauran: fasto ɗaya, 'yan'uwan Gunderson biyu, mai gyaran tarakta, bazawarar da ke bakin gada, mutumin da ya kawo masa itace. Takwas ke nan. Ya sake farowa daga farko, ya sake tsayawa a takwas.

"Zai zo mini," ya ce. "Ki fara da waɗannan."

Kwana tara ta yi tana bin su a tsohuwar akori-kurarta, sarƙa ɗaure a tayoyi. Hanyoyin da ta sani kamar tafin hannunta duk ƙanƙara ta shafe su. Waya ba ta wadatar ba, don Orval ya ce sai ya ga kowane kwali da idonsa. Wasu suka miƙo ba musu. Babban Gunderson kuwa dariya ya yi mata a bakin garkensa.

"Haba Maxine, rabin kwalin na riga na harbe, ga ni da yatsuna goma. Ko tsohon ne ya fara rowa, yana son kayansa?"

"Je ka ƙirga na Hoyt, sannan ka dawo ka yi mini dariya. Miƙo, Allah Ya shirye ka, sanyi nake ji."

Kullum da la'asar takan shigo ta ajiye abin da ta samo, ta gaya masa nawa ta farke, nawa suka fito da ninki. A wani kwalin babu ko ɗaya. A na bazawarar bakin gada, biyar. Ranar Orval bai ci abinci ba.

Da kwalaye takwas suka jeru a kan tebur sai aka ga gurbin: lamba shida ce babu.

'Yarsa Charlene ta iso daga birnin Spokane a mako na biyu, da takardun wani gidan kula da tsofaffi a jakarta. Ta tsaya tsakiyar falo, inda aka dawo da gadonsa kusa da murhu, tana duban robar da ta bi ƙasa kamar igiyar ɗaure akuya.

"Baba, an ba mu ɗaki. Akwai nas dare da rana. Ranar Juma'a ta sama in an share hanya za mu tafi."

"Ba inda za ni."

"Saboda kwali ɗaya? Wataƙila ma wanda ka ba ya harbe su tuntuni, lafiya lau."

"Wataƙila. Ke za ki sa hannunki a kan wataƙila?"

"To zamanka a nan me zai ƙara? Ko ƙofa ba ka iya kaiwa!"

"In ya dawo da shi, nan zai kawo. In kuma ta fashe masa, nan za a zo neman wanda za a zaga. Ya kamata a same ni."

Charlene ta bi Maxine kicin, ta rufo ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Anti Maxine, don girman Allah. Kwalaye iri ɗaya ne fal a rumfa. Ki kwaikwayi rubutunsa, ki sa lamba shida, ki ce wani ya kawo. Idonsa ba zai bambance ba. Ki bar shi ya huta."

Maxine ta tsaya da tsumman goge kwano a hannu. Abin ba wuya. Ta san yadda yake lanƙwasa shida ɗinsa, shekara talatin tana ganinta a bayan ambulan. Ta kwana biyu da maganar a ranta. Har ta je rumfar, ta ɗauko kwali, ta cire murfin alƙalami. Sai ta ga in ta rubuta, daga ranar neman ya ƙare: ba wanda zai ƙara tambaya, kwalin gaskiyar kuma yana can a aljihun motar wani. In ba ta rubuta ba, tsohon zai tafi da abin a maƙogwaro. Ta zauna kan kujerarsa har ƙafafunta suka daina jin sanyi, sannan ta mayar da murfin.

Shi ne da kansa ya ce a sanar a coci. Ya sa Charlene ta rubuta, ya hana ta sassauta ko kalma ɗaya: ni Orval Stensrud na yi kuskuren awo, duk wanda ke riƙe da harsashina na watan Oktoba kada ya harba. Fasto ya karanta ranar Lahadi. Maxine na zaune a layi na uku, tana jin yadda cocin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi in an ga babba ya zame a bainar jama'a. Aka manna takardar a gidan mai da shagon abincin dabbobi. Mutane suka yi ta kawo tsofaffin kwalaye na shekarun baya, waɗanda ba abin da ya same su. Lamba shida ba ta zo ba.

Juma'ar ta zo da sabuwar ƙanƙara, hanyar dutse ta rufe, maganar Spokane ta mutu da kanta. Numfashinsa ya riƙa gajarta. Taku goma sha biyar ɗin ma suka fi ƙarfinsa, duniyarsa ta koma daga gado zuwa kujera. Duk motar da ta wuce sai ya ɗaga kai.

Ranar Talata da hantsi Maxine na yanke masa farce, ya riƙe mata hannu.

"Mai jar hula," ya ce. "Shi na ba lamba shida. Ya tsaya tambayar hanya. Mafarauci ne, ba ɗan nan ba. Motarsa ta yi zafi na ba shi ruwa. Muka yi hira, ya ce irin bindigata gare shi."

"Sunansa fa, Baba? Daga ina yake?"

"Yana da yarinya a motar. Ya ce yana koya mata harbi." Ya ja iska da ƙyar. "Mutumin kirki. Ban tambayi sunansa ba."

"Lambar motar? Ta wace jiha ce?"

Ya kalle ta, bakinsa na motsi, yana nema. Ta ga yana nema da iyakar ƙarfinsa. Can ya girgiza kai, ya saki hannunta.

"Ki ci gaba da tambaya, 'yar gidan waya."

"Zan ci gaba."

"Kin bar ɗan yatsa ɗaya," ya ce, ya miƙo mata ƙaramin.

Ta yanke. Charlene ta shigo da kofi, ta ajiye, ta ce bari ta ƙara itace a murhu. Kafin itacen ya kama, Orval ya cika. Injin iskar ya ci gaba da hucinsa, sai da Maxine ta tashi ta kashe shi.

Sai bayan kwana shida ƙasar da ta daskare ta yarda aka haƙa kabari. Hoyt Beasley na cikin masu ɗaukar akwatin, ya kama da hannun hagu. Charlene ta rufe gidan ta koma. Maxine ta rubuta wasiƙu zuwa shagunan kayan farauta na garuruwa goma sha ɗaya, da ƙungiyoyin maharba na jihohi uku. Biyu suka amsa, suka ce sun manna a allo.

Watan Afrilu ƙanƙara ta fara sakin duwatsu. Wata safiya tana shanya a bayan gida, ta ji ƙarar bindiga daga can saman kwari, nesa, wajen tsohuwar hanyar masu yankan katako inda baƙi kan tsaya su gwada hannu. Ta tsaya cak, jiƙaƙƙen zanin gado a hannunta, ruwansa na bin gwiwar hannunta yana ɗiga. Ta kasa kunne tana jiran harbi na biyu, shaidar cewa bindigar ba ta fashe ba.