Akun Tulsa

Tulsa ta rasu tun damina biyu da suka wuce, amma har bana ba ta daina yi wa mijinta Motiram faɗa ba. Kullum da safe, kafin ya gama miƙa, sai ya ji muryarta daga kejin da ke rataye a bakin taga: "Tashi, sarkin ragwaye, shayi ya huce!"

Akunta ne, Mitu. Shekara da shekaru yana rataye kusa da murhunta, ya kwashe muryar tas, har da ɗan tarin da take yi in ta gama masifa. Ya iya "Ka sayo kananzir?" Ya iya "Yau ma ruwa ka kamo mana?" Duk matan da ke sayar da kifi a wannan gaɓar teku ta Mumbai babu mai bakin Tulsa, shi kuwa Motiram bai san yana son bakin nan ba sai ranar da ya dawo daga wurin ƙona gawarta, bisa al'adarsu, ya tarar da gida tsit.

Ana nan sai aka zo gyaran gaɓa. Gyara dai suka ce. Aka cike filin shanya kifi da duwatsu, aka malala siminti, aka kafa fitilu da wasu itatuwa marasa inuwa. Gidajen rawa suka tsiro a bayan katangarsa kamar an shuka su. Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ce ba inda za shi, a ɗakin nan aka kawo masa Tulsa tana amarya.

Tun rana ba ta faɗi ba ake sakin kiɗa, ba a tsayawa sai asuba, tukwanen tagullar Tulsa su yi ta karkarwa a kan kanta. Nasa mai sauƙi ne, tsoho da ma ba barcin kirki yake yi ba. Mitu ne abin ji. Ya daina runtsawa, ya shiga fige gashin ƙirjinsa. Maganar kananzir ce ta fara ɓacewa, ta kifi ta bi ta. A madadinsu ya koyi wani gurnani daga maƙogwaro, dum, dum, dum. Ta shayi kaɗai ta rage, ita ma sai an yi sa'a.

Tsoro ya kama Motiram. Ya lulluɓe kejin da tsohon zanenta, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya toshe taga da buhuna. Aikin banza, makaho da waiwaye, kiɗan ta ƙasa yake biyowa.

Wani hantsi ya saka rigarsa ta zuwa biki ya je wurin manajan gidan rawar da ke manne da shi.

"A'a, Kaka! Kifi ka kawo mana?"

"Kiɗanku na zo roƙo a rage. Yana ɓata mini tsuntsu."

"Tsuntsu?" Manajan ya ƙyalƙyale da dariya. "Kawo shi mu ɗauke shi aiki mana! Kaka, da izinin hukuma muke yi. Ka cusa masa auduga a kunne."

Motiram ya juya ya koma gida. Ta yaya mutum da furfurarsa zai ce wa wannan ɗan gayu matarsa ce ke mutuwa karo na biyu?

Washegari ya durƙusa gaban kejin yana jira, kamar kullum. Mitu ya karkata kai, ya buɗe baki, sai ga wata murya ta tsoho, a shaƙe, tana rawa: "Tulsa, yi magana mana."

Tasa ce. Bai san yana faɗar haka ba, bai kuma san sau nawa ya faɗa ba. Kunya da tausayin kansa suka rufe shi. A ranar ya ɗauki kejin ya hau jirgin ƙasa zuwa Palghar, gidan 'yarsu Surekha, inda ba a jin komai sai iskar itatuwan kwakwa.

"Baba, kai ma ka zauna mana," in ji ta.

"In bar wa wa gidan?"

"Gidan da ba kowa? Wa kake gadi?"

Ya sha ruwa, ya shafa kejin, ya kama jirgin yamma.

Kwanaki suka shuɗe. Wani maraice, an riga an saki kiɗa, wayarsa ta yi ƙara.

"Baba! Ya yi magana! Muryar Inna ce sak! Tsaya, ga shi yana sakewa, bari in kara masa wayar!"

Motiram ya danna wayar a kunne, ya toshe ɗayan da yatsa, ya dunƙule a lungun ɗaki, ya riƙe numfashi. Ƙasa tana bugawa, tukwane suna karkarwa. Bai ji komai ba.

"Ka ji, Baba? Ka ji ta?"

"Na ji," ya ce da ƙarfi. "Na ji ta sarai."

Da gari ya waye, aka kashe kiɗa, ya farka da kansa. Ya hura wuta, ya dafa shayi, ya zuba a kofi. Ya ajiye shi a bakin taga, ƙarƙashin ƙusar da keji ke rataye a da, ya koma kan gado ya kwanta, ya bar shi ya huce.