Sukutar da Tchima ta tsinta

Ranar da Tchima ta cika kwana talatin da takwas cikin takaba, gari ya waye da yayyafi. Ta yi salla, ta dafa shayi, sai da ta zuba kofi na biyu sannan ta tuna babu mai shan sa. Ta mayar da shi cikin buta, ta je ta zauna bakin taga. Tun da aka kai mijinta Salifou makwancinsa, wannan tagar ce duk fitarta. Wata goma sha ɗaya kacal ta yi a garin Greensboro na Amurka kafin ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aikinsa, wani babban sito da ke kan titin Wendover. Turancinta bai wuce na gaisuwa ba. Takarda ko kiran waya, duk shi ne yake tarewa.

Daga tagar ana hango siririyar hanyar siminti ta masu tafiya a ƙasa, bayanta kuma titi, inda motoci ba sa raga wa kowa. A kan simintin nan abin yake kwance, yau kwana uku. Sukuta ce, irin wadda ɗalibai suke hawa a tsaye su wuce kamar an jefa su. Ta gicciye hanyar gaba ɗaya, kanta cikin ciyawa, ƙafarta a bakin kwalta, ruwa yana dukanta.

Wajen ƙarfe takwas Baba Malachy ya fito. Shi ne mahaifin maƙwabciyarta Anti Roseline, mutanen Pankshin. Ciwon suga ya cinye masa ƙafa ɗaya, sau uku a mako yake bin hanyar nan da kekensa na guragu zuwa inda yake shiga bas, ya je wankin ƙoda. Ya iso gun sukutar ya tsaya. Ya tura ta da sandarsa, ko motsi ba ta yi ba. Ya duba gabas ya duba yamma, babu kowa. Sai ya ja da baya, ya gangara ta mashigar motoci, ya bi gefen titi. Wata babbar mota ta taho, ta danna masa oda, ta wuce dab da gwiwar hannunsa, ta watsa masa ruwa har hula. Tchima ta ga keken ya yi tangal-tangal kafin ya daidaita. Sai da ya ɓace mata ta lura ta damƙe labule har yatsunta sun yi sanyi.

Da rana zai dawo ta nan. Anti Roseline tana aikin kula da tsofaffi, ba ta tashi sai uku. Malamin da ya yi mata bayanin takaba ya ce kada ta fita sai da lalura. Ta yi ta juya maganar, shin wannan lalura ce ko ba lalura ba ce. Daga ƙarshe ta zura hijabi, ta sa silifas ɗin Salifou da ke bakin ƙofa, ta fita tana kallon ƙasa.

Abin ya fi buhun gero nauyi, tayoyinsa kuma sun ƙi juyawa. Tana ɗaga shi ya fara wani kuka, ɗit ɗit ɗit, wata 'yar fitila tana ƙiftawa. Niyyarta ta jingine shi kan ciyawa ta koma. Amma da ta tsayar da shi, ta ga laka a jikinsa, sai ta tuna kular abincin Salifou. Ranar da ya faɗi, a sito aka bar ta. Bayan mako guda wani abokin aikinsa ya kawo mata ita a wanke, har da cokalin. Wa ya sani ko mai wannan ma faɗuwa ya yi aka ɗauke shi? A Maradi, gidan mahaifinta, ba a tsallake kayan mutane a bar su cikin ruwa. Ɗauka ake yi a adana, a kai cigiya masallaci da kasuwa, a jira mai shi ko da shekara ce. Akuyar wani ta taɓa yin wata bakwai a gidansu, har ta haihu, aka mayar da ita da 'ya'yanta biyu.

Ta ja sukutar da baya da baya, tana hutawa, har cikin falo. Ta shimfiɗa kwali ta ɗora ta, ta goge lakar da tsumma. Bayan ɗan lokaci kukan ya tsaya, fitilar dai ba ta daina ƙiftawa ba.

Saura cigiya. Ba za ta iya zuwa masallaci ba, sai ta buɗe zauren matan Nijar da ke cikin wayarta, ta danna ta yi magana a hankali, yadda mai takaba take yi. Ta yi sallama, ta ce ita ce Tchima matar marigayi Salifou, ta tsinci sukuta a ƙofar gidansu, mai ruwan ganye da baƙi, tana nan a ajiye lafiya, duk wanda ya san mai ita ya sanar da shi, kuma a taimaka a faɗa wa masu jin Turanci. Ta aika, ta ji wani ɗan sauƙi a ƙirjinta wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Ko minti biyar ba a yi ba waya ta yi ƙara. Hajiya Zahara ce, shugabar matan, wadda ta shekara ashirin a garin.

"Ke Tchima, wa ya aike ki? Cikin ɗaki kika shigar da ita?"

"Ruwa ne yake dukanta, Hajiya."

"Ai don ruwan aka yi ta. Ba ta da mai ita, 'yar nan. Ta kamfani ce, haya ake yi da waya, kowa ya gama ya yar a inda ya sauka. Akwai wani abu a cikinta da yake nuna musu inda take. Yanzu haka sun san tana falonki."

Hajiya ta ce ta yi maza ta mayar tun kafin a kira shi sata. Kafin Tchima ta miƙe, saƙonni sun fara shigowa zauren, ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce kada ta kuskura ta sake taɓa ta, shatin yatsunta zai ƙaru a jiki. Wata ta ce akwai kyamara a kan abin, tana ɗaukar duk wanda ke kusa. Wata ta ce ta ji labarin wani a wata jiha da aka kama kan irin wannan, har yau ba a san inda yake ba. Da aka tambaye ta sunansa, ta ce ita ma ji ta yi. Sai wata ta faɗi abin da Tchima take gudun ji: ke da kike da randebu kan takardunki?

Saura mako uku randebun, wato ranar da za ta bayyana gaban jami'an shige da fice. Takardun zamanta ta hannun Salifou suka biyo, da ya rasu komai ya tsaya cak. Lauyan da jama'a suka samo mata ya ce akwai hanya, amma ya ɗaga yatsa ya ce abu ɗaya: kada sunanta ya shiga littafin 'yan sanda, ko kan mene ne. In aka ce ta koma gida, Salifou zai zauna shi kaɗai a ƙasar nan. Ko kabarinsa ba ta gani ba tukuna. Maza ne suka kai shi can bayan gari, ita kuma tana ƙirga kwanaki, ranar da ta fita takaba can za ta fara zuwa.

Ta tsaya tsakiyar falo. In ta fitar da sukutar, za a gan ta tana jan ta, ga kuka. In ta bar ta, ga ta nan cikin ɗakinta. Ta kai hannu ta janye, ta sake kaiwa ta janye. Da ta tuna zancen kyamara sai ta mayar da hijabinta, a cikin gidanta, ta ɗauko wani zanen atamfa ta lulluɓe abin tun daga kai har ƙasa. Fitilar ta ci gaba da ƙiftawa ta cikin zanen.

Ba ta ci komai ba. Duk motar da ta rage gudu a waje sai ta leƙa ta bayan labule. Da azahar ta yi salla, ta kasa tuna ko raka'a uku ta yi ko huɗu, ta sake. Ta ga dawowar Baba Malachy, ya bi simintinsa sumul bai ko waiwaya ba, amma wannan bai kwantar mata da hankali ba.

Wajen uku da rabi wata farar mota mai rufaffen baya ta tsaya. Wata mace ta fito, gajera, da riga mai ɗaukar ido irin ta ma'aikatan hanya. Tana tafe tana kallon waya. Ta duba cikin ciyawa, ta leƙa bayan kwandon shara, ta zagaya ginin, ta dawo. Sai ta tsaya daidai ƙofar Tchima ta ƙwanƙwasa.

Tchima ta manne da bango, ta toshe bakinta da hijabi. Aka sake ƙwanƙwasawa, aka yi magana da Turanci. Can sai sukutar ta fasa kuka daga ƙarƙashin zane, da ƙarfi, kamar ta ji muryar uwarta. Matar ce ta danna wani abu a wayarta. Babu sauran ɓuya.

Ta kira Anti Roseline a waya. Allah ya sa tana shigowa da mota ke nan. Tchima ta ji muryoyi biyu a waje suna Turanci, ɗaya tana tambaya, ɗaya tana amsawa, sannan aka ce da Hausa, "Ƙanwata, buɗe, ni ce. Mace ce, kuma ita kaɗai ce."

Ta buɗe. Anti Roseline ta shigo da kayan aikinta, ta dubi zanen, ta dubi Tchima.

"Wannan kuma amaryar wa kika rufe?"

Tchima ba ta iya dariya ba. Ta ce Anti ta gaya wa matar ita ba ɓarauniya ba ce, ta rantse, ko hawa ba ta iya ba. Ta faɗi yadda motar ta kusa taka Baba da safe. Nan fuskar Anti Roseline ta canza, don bai gaya mata ba. Tchima ta miƙa mata waya ta ce ga cigiyar da ta yi, a duba lokacin, tun tara da minti goma.

Anti Roseline ta kunna saƙon, tana fassarawa. Matar, sunanta Lucia, ta saurara har ƙarshe. Ta ɗaga zanen a hankali, ta shafa jikin sukutar, ta ga babu laka ko ɗigo. Ta yi magana mai ɗan tsawo.

Anti ta ce wai Lucia shekararta biyu tana kwasar su. Ta ciro su daga rafi, daga kwandon shara, ta taɓa sauko da wata daga kan bishiya, amma yau ta fara ganin wadda aka yi wa wanka aka sa wa zane. Sai dai dole ta rubuta wa kamfani dalilin da ya sa aka same ta cikin gida.

"Da sunana?" in ji Tchima.

Anti ta tambaya. Lucia ta tsaya da yatsa a kan waya, ta dubi Tchima, ta dubi silifas ɗin namiji da ke ƙafarta. Ta rubuta, sannan ta juyo da wayar ta nuna wa Anti. Anti ta karanta: an same ta ta tare hanyar keken guragu, wani mazaunin gidan ya kawar da ita. Babu suna, babu lambar ɗaki.

"Polis fa?"

"Ta ce babu."

"Anti, sake tambayarta."

Aka sake tambaya. Lucia ta girgiza kai, ta ce wani abu, ta dafa ƙirjinta. Tchima ta zauna kan hannun kujera.

Ana fitar da sukutar sai ga Baba Malachy a bakin ƙofa, hayaniya ta fito da shi. Ya tare Lucia da Turanci, yana nuna titi da sandarsa. Ita dai tana gyaɗa kai. Ta ce ita kwasa ce aikinta, ba ita ke yar da su ba, amma ta rubuta lambarta a takarda ta ba shi. Ya karɓa yana ƙunƙuni, wai lamba ba ta ɗaga ƙarfe.

Da motar ta tafi ya juyo da kekensa wajen Tchima, ya tsaya daga waje, bai kalli fuskarta ba.

"'Yata, ashe ke ce. Na ce yau wa ya tuna da ni." Ya gyara hularsa da ba ta gama bushewa ba. "Mijinki ne yake ɗauke mini su. Kullum in zai tafi aiki sai ya bi hanyar nan har tashar bas, duk wadda ya gani ya tsayar da ita kan ciyawa. Ban taɓa roƙonsa ba. Tun da ya tafi nake shiga titi."

Tchima ba ta san wannan ba. Tana ganin yana fita da wuri fiye da yadda aikinsa yake bukata, ta ɗauka son aiki ne. Anti Roseline ta ninke zanen ta ajiye mata a cinya, ta ce za ta kawo mata faten acca, kuma sai ta ga ta cinye.

Ranar Juma'a da safe wata sukutar ta sake kwana a wurin, ja ce wannan karon. Tchima ta gan ta daga taga. Gabanta ya faɗi kamar ranar farko. Ta duba titi ko akwai motar 'yan sanda, ta duba tagogin maƙwabta. Takwas saura kwata. Ta sa hijabi da silifas ɗin, ta fita, ta kama abin ta ɗaga. Ya fara ɗit ɗit ɗinsa. Ta ja shi taku uku zuwa kan ciyawa, ta tsayar da shi, ta sake shi da sauri, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Tana tsaye bayan labule har ta ji ƙarar keken Baba ya zo ya wuce.