Dokunun Ranar Talata

Tun daga kan dokunu, tuwon masarar nan da ake ƙullewa a ganye, Araba ta fara zargin mijinta. Shekara ashirin da shida tana dafa wa Egya Kwamena abinci a gidan mata ana kai masa gidan maza, yadda al'adar garin take, ba ta taɓa ganin ya wuce ƙulli biyu ba. Sai ga shi Litinin uku a jere yana aiko mata ta ƙara huɗu, da dafaffen ƙwai, da gora cike da ruwa. Mutumin da ko ƙarnin ƙwai ba ya so!

Lokacin kuwa ba na wasa ba ne, yaƙin Turawa ya zo har ƙofar gida. Jiragen ruwa na sauke manyan akwatuna a tashar Takoradi, a fito da jiragen sama gunduwa-gunduwa, a harhaɗa, su tashi ayari-ayari su yi arewa, wai can cikin hamada sojojin ƙasa ke jiran su. Jamus kuma sun laɓe a ƙarƙashin teku da nasu jiragen, suna nutsar da duk wanda suka samu. Ji-ta-ji-ta ta cika kasuwa cewa akwai masuntan da ke kai musu abinci da labari. In ba haka ba, wa ke gaya musu ranar da jirgi zai fita?

Ita damuwarta ɗaya ce. Ɗanta Ebo, shi kaɗai ya rage mata cikin biyar, yana zuba kwal a wani jirgin kaya mai zirga-zirga tsakanin Takoradi da Saliyo. Duk mai ba Jamus loma, Ebo yake wasa wa wuƙa.

Ran Talata teku na hutawa, kowa ya sani. Ba mai saka ko filafili a ruwa, maza na zaune ƙarƙashin kwakwa suna ɗinkin taru. Araba ta bar kifinta kan wutar banda ta leƙa wajensu. Ba Kwamena, ba ƙaramin kwalekwalensa.

"Maame Araba, tsohon naki ya ɓace ne?" in ji Egya Bentsil, yana cizon zare. "Ki duba Sekondi, an ce 'yan matan can sun iya soya kifi."

Ta yi dariyar yaƙe ta wuce. Da ma kishi ne, ai da sauƙi.

Da yamma ta kai masa abinci da kanta. Ga gishiri ya bushe fari a kafaɗunsa, ga tafin hannu ya yi kanta ya fashe.

"Baban Ebo, ina ka yini?"

"Yawo."

"Yawo da filafili? Ran Talata? Wa ke cin ƙwaina?"

Ya kau da kai. "Ke dai ki dafa."

"Kalle ni. Jamus kake ciyarwa?"

Wallahi da ya daka mata tsawa, da hankalinta ya kwanta. Sai kawai ya sunkuyar da kai ya jawo kwanon abincinsa, ita kuwa ta tashi ta fita.

Kwana shida tana juya abin. Tana son mutumin nan, ba ta ɓoyewa. Amma wata biyu ke nan ba wasiƙar Ebo, kuma duk jirgin saman da ya ratsa bisa rufin sai ta tuna da shi. Ran Litinin saƙo ya sake zuwa: ƙulli huɗu, ƙwai, ruwa. Ta dafa, ta aika, sannan ta ɗaura zane ta nufi wajen ƙanenta Kobina Essel, ɗan sanda a ƙofar tashar jirgi, ta zayyana masa zargin da take yi wa mijinta.

"Tsoratar da shi kawai za ka yi," ta ce. "Kai kaɗai. Ka ji ko?"

"Yaya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Wannan maganar ta fi ƙarfin hulata."

"Kobina, ni na goye ka. Kai kaɗai na ce."

Ina! Washegari da la'asar mota ta tsaya a bakin ruwa, Kobina ya sauko da wani sajan Bature da sojoji huɗu. Gari ya taru. Can aka hango ɗigo baƙi daga nesa, ya yi ta girma har ya zama Kwamena, yana tuƙi a hankali kamar mai ciwo. Masu ɗinkin taru suka miƙe suna tofar da yawu: ga Jamus, ga keta ranar teku, wanne za a ji da shi?

Kafin ya gama jan kwalekwalen kan rairayi an riƙe shi. Sajan ya yi nuni da kwalekwalen, soja ɗaya ya ɗaga gatari. Sara uku, ciki ya tsage. A na ukun Kwamena ya yi wata ƙara da Araba ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Aka zazzage abin da ke ƙarƙashin mazauni. Dokunu huɗu cif a ganyensu, ƙwai ko ɗaya ba a fasa ba, gora cike. Sai wani abu naɗe a tsohon taru.

"Ana tambayar ka, na wane ne abincin?" in ji Kobina.

Kwamena bai kalli sajan ba, matarsa ya kalla. "In na same shi a kan katako, zai ji yunwa. Zai ji ƙishi."

Soja ya warware tarun. Ƙaramin akwatin katako ne mai shuɗin fenti, baƙin mai ya ɓata gefensa. Araba ta san shi tun kafin a juyo shi. Ita ta saya a Sekondi, ita ta zana hoton ɗan kifi a murfin da ƙusa mai zafi, don kada kayan Ebo su ruɗe da na wani a jirgi.

"Sati huɗu da suka wuce ya shigo taruna," Kwamena ya ce. "Na ce ba zan gaya miki ba sai na kawo shi, ko da rai ko ba rai. Sauran ranaku ina cikin mutane, da labari ya riga ni zuwa gare ki. Talata ce kaɗai tawa."

Sajan ya ji fassara, ya gyara hularsa, ya ce a sake shi. Mota ta tafi. Ba wanda ya sake tofar da yawu.

Araba ta durƙusa ta rungume akwatin. Kuka ya ƙi zuwa. Kwamena ya tsuguna yana shafa inda gatari ya ci, yana gwada haɗa ɓarin biyu, suna rabuwa.

"Araba," ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Talata mai zuwa da me zan je?"