Kwalbar Gindin Dam

Ni direban tifa ne a da. Abokina kafinta ne, irin masu buga katakon da ake zuba kankare a ciki. A wurin aikin wata madatsar ruwa muka haɗu muna samari, ni ina jigilar dutse da yumɓu, shi yana can sama da gudumarsa. Leburori suka raɗa masa Kankare, ni kuma Tifa. Sunayen suka bi mu har furfura.

Da muka ajiye aiki, wasu sa'o'inmu suka kama kiwon kaji, wasu zaman inuwa. Mu yawon kallon dam muka kama. Duk inda muka ji akwai wanda ba mu gani ba, sai mun je. Matata takan ce, "Ruwa dai ruwa ne, ga shi nan a famfo."

Dam iri-iri ne. Akwai na ƙasa, wanda ake dannewa hawa-hawa, a sa masa zuciyar yumɓu a tsakiya don kada ruwa ya ratsa. Akwai na tarin duwatsu. Akwai na kankare mai tsayawa da nauyin jikinsa kaɗai, akwai wanda ake tokarewa da ginshiƙai daga baya. Sai kuma mai lanƙwasa, wanda ake ginawa a matsatsin kwazazzabo, ya jingina ƙarfin ruwa da duwatsun gefe biyu. Wannan shi ne abin son Kankare. In ya gan shi sai ya yi tsit kamar an kawo masa amarya. Na ƙasa kuwa, tsaki yake ja masa.

"Wannan ba gini ba ne, Tifa," in ji shi. "Juji ne da aka yi wa kwalliya."

Ni kuma ina da kwalbata. Kowane dam na ƙasa yana ɗan yoyo, ba aibu ba ne. Shi ya sa ake yi masa bututu a gindi, ruwan da ya tsattsafo ya bi ta nan ya fita. Wani tsohon shugabanmu a wurin aiki ya koya mini: ka tari ruwan a kwalba, ka ɗaga wa rana. In garau ne, dam lafiya lau yake. In da gurɓi, to ruwa yana cin cikinsa yana fitar da ƙasar. Tun daga lokacin ba na barin dam sai na sauka gindinsa na tara. Kankare yakan tsaya daga nesa, hannu a ƙugu.

"Likita, yaya fitsarin marar lafiyar naka?"

Haka muke. Ban taɓa yabon kankarensa ba, bai taɓa yabon ƙasata ba.

Sai ciwo ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka sallamo shi daga asibiti, babbar 'yarsa ta ɗauko shi zuwa gidanta. Malamar makaranta ce, mai tsari, ba ta son wasa. A hannuna ta girma, Kawu take ce mini. Ta kwashe kujerun falo, ta sa masa gado mai ƙarfe a gefe. Ga keken marasa lafiya a jikin taga, ga magunguna jere a faranti, ga talabijin da ba a kashewa.

Kullum da hantsi ina zuwa. In zauna, in ba shi labari. Ya zuba wa rufin ɗaki ido. Da na miƙe zan tafi, sai ya kama dukan ƙarfen gado da hannun hagu, yana wani gurnani, har jijiyar wuyansa ta tashi.

Wata rana Malama ta biyo ni har bakin ƙofa.

"Kawu, magana zan yi, kada ranka ya ɓaci."

"Yi."

"Duk ranar da ka zo, sai mun wuni muna fama da shi. Ba ya cin abinci, ba ya barci. Likita ya ce a rage masa hayaniya. Ya ce ba za a iya sani ba ko yana gane mutane."

"Yana gane ni."

"Ya nuna maka?"

Bai nuna ba.

"Ka ɗan dakata da zuwa," ta ce. "In ya ji sauƙi, ni da kaina zan ɗauko ka."

Na san irin wannan dakatawar. Ba a komowa daga cikinta sai ranar da za a ɗauki mutum. Na ce mata, "Ki ba ni rana ɗaya. Mu kai shi dam. In ya kalle shi yadda yake kallon rufin nan, ba za ki ƙara ganin ƙafata a gidanki ba sai kin kira."

"Kawu, mutum na kwance kana zancen dam?"

"Da me kike so in yi zance? Abin da muka sani ke nan."

Ta ce sai ta tambayi likita. Likita ya ce shan iska ba zai cutar da shi ba, in dai ba nisa. Mai lanƙwasar da yake so yana da nisa ƙwarai. Wanda yake kusa da mu na ƙasa ne, shi ne ma wanda ya fi rainawa. Ba ni da zaɓi.

Na yi maganar da ƙarfi a gabanta, amma da na koma gida na kasa cin abinci. In ita ce da gaskiya, to abokina ya riga ya tafi, gangar jiki nake gaisarwa.

Ranar da ba makaranta muka fita, ita ke tuƙi. Ni idona ya daina ba ni damar riƙe sitiyari. Tuƙinta ba laifi, sai dai tana taka birki kamar mai jin haushinsa. Kankare yana baya, an tokare shi da filo, kansa na bin motsin mota.

Ba a barin mota ta hau kan dam. A ƙasa ake ajiyewa, a bi wata hanya mai hawa da ƙafa. Mai gadin ya san mu. Ya taso yana dariya.

"A'a, masu duba dam kyauta. Yau wane laifi za a samo mana?"

Ya leƙa bayan mota, dariyar ta tsaya. Ya taya mu sauko da shi, ya gyara masa ƙafa a kan matakin keke, ya tura mana har sama. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya koma rumfarsa.

Ruwa ya cika, yana lasar duwatsun da aka shimfiɗa a fuskar dam don kada igiya ta zaizaye shi. Can ciki hasumiyar ɗibar ruwa na tsaye. Mazubar ambaliya a bushe take, awaki na kwance a ciki. Na juya keken ya fuskanci ruwa. Na fara tsokanarsa.

"Dubi aiki, Kankare. Ƙasa zalla. Ko tsaga babu. Naku da ake zubawa, shekara kaɗan sai ka ga ya dare kamar diddigen tsohuwa."

Shiru.

"Na ce da a bar ku da guduma ku kaɗai, da ko kwatami ba ku tare ba."

Idonsa na kan ruwa, amma da bango ne a gabansa da haka zai kalle shi. Yawu ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. Malama ta sa hankici ta goge. Na yabi yumɓu, na zagi siminti, na kira shi mai buga ƙusa. Duk maganar da a da za ta sa ya tashi tsaye, na faɗa. Ko gira bai ɗaga ba.

Malama ta ce a hankali, "Kawu, rana ta fara zafi."

Ba ta ce ai dama ta faɗa mini ba. Na gode mata da wannan.

"Mu tafi," na ce.

Muka gangaro, ita tana riƙe da keke, ni ina gefe da sandata. A ƙasa, kafin a kai wurin mota, akwai 'yar hanya da ta ratse zuwa bututun gindin dam. Kwalbar tana aljihuna, don ba na fita irin wannan tafiya ba tare da ita ba. Amma ban ko kalli hanyar ba. Me zan duba? Na wuce.

Keken ya karkace ya tsaya. Kankare ya damƙe tayar hagu. Malama ta tura, ya ƙi saki. Ya fara gurnanin nan.

"Ka gani ko, Kawu? Ya fara. Baba, saki, za ka ji ciwo."

Na matso in ɓamɓare masa yatsu. Ya saki taya, ya kai wa aljihuna duka. Kwalba ta yi ƙara. Ya sake duka, a wuri ɗaya.

Na tsaya. Hannun marar lafiya yakan kai duka ko'ina, na sani. Ban yarda in sa rai ba. Na ciro kwalbar dai, na nufi bututu.

Wurin yana da santsi, gwiwoyina kuma ba na da ba ne. Ƙafata ta zame ta faɗa cikin magudanar. Na dafa sanda, na sunkuya a inda nake, na cika kwalba, na hauro ina haki. Sai da na iso gabansu na ɗaga ta.

Ruwan ja ne. Ƙasa na yawo a ciki.

Tsawon shekarun da nake tara ruwan wannan dam, ban taɓa ganin haka ba.

"Mene ne?" in ji Malama.

"Dam na cin cikinsa. Ga unguwanni a ƙasansa. Kira mini mai gadi."

Ta juya za ta tafi. A nan ne muka ji shi.

Tsaki. Dogo, ta gefen baki ɗaya, rabi iska rabi yawu. Amma nasa ne. Ko a cikin kasuwa na ji shi zan gane.

Malama ta tsaya cak. Kankare ba rufi yake kallo ba, ba ruwa ba. Takalmana yake kallo. Na bi idonsa. Laka har idon sawu. Ya ɗago hannu ya kaɗe kwalbar, ruwan ya zube a ƙasa. Ya miƙa yatsa can sama da inda na tsaya, daidai bakin bututu.

Ni na dama ruwan da ƙafata, na kuma ɗiba a ƙasan inda na dama. Ko sabon lebura ba zai yi haka ba.

Malama ta dube ni, ta dubi uban. Ta cire takalma, ta tattare zani, ta ɗauki kwalba ta sauka. Na ce mata ta wanke ta tukuna, ta tara a bakin bututu, kada ta taɓa ƙasa. Ta dawo da ita tana ɗiga.

Na miƙa hannu. Kankare ya riga ni. Ya karɓa da hagu, ya ɗaga wa rana. Ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai, ya turo leɓe. Yadda nake yi ke nan, ashe. Shekara da shekaru yana tsaye daga nesa yana haddace ni.

Ruwan garau, har ana hango gajimare ta cikinsa.

Malama ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ta durƙusa a gaban keken.

"Baba, kana jina?"

Ya dube ta sosai. Ya ajiye kwalba a cinya, ya kama hannunta ya matse.

"Duk abin da muke faɗa a kanka kana ji?"

Ya matse.

"Dukan gadon fa? Kawu ne ba ka so?"

Ya ja wani ɗan tsakin.

"Tafiyarsa ce ba ka so."

Ya matse, bai saki ba.

Na ce, "Ki tambaye shi talabijin."

Ta tambaye shi ko a kashe ta. Ya kusa karya mata yatsu.

Ni na juya baya ina kallon jikin dam. Ciyawar da ke kansa tana buƙatar yanka. Na daɗe ina duba wannan ciyawa.

Mai gadi ya taso ganin mun jima. "Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya," na ce. "Dam ɗinku ƙalau yake."

"Ƙafarka fa?"

"Ba ruwanka da ƙafata."

A mota ya ƙi ba ni kwalbar. Ya rungume ta a ƙirji, ruwan na jiƙa masa riga, Malama kuma ta ƙyale shi. Ta yi tuƙi a hankali. Sai da muka shiga gari ta yi magana, idonta na kan titi.

"Gobe ka zo da wuri, Kawu. Ka ci abincin rana a wurinmu."

"Dama zan zo."

Na waiwaya baya. Idonsa biyu, yana kallona.

"Ka dai gani," na ce masa. "Ba mai lanƙwasarka ba ne ya tashe ka. Jujina ne."

Ya tattara ƙarfinsa, ya ja mini tsaki.