Mayafi a Ƙafar Sufeto

Bahtawara ta sake dukan teburin da tafin hannunta, har shayin ɗan sandan ya fantsalo a kan wandonsa.

"Na ce ka fito mini da 'yata. Kurma ne kai?"

Ɗan sandan ya janye kofinsa gefe, ya dube ta sama da ƙasa. "Iya, tun safe nake gaya miki. Duk wadda aka kama a wurin zanga-zanga ba a ganinta. Bayan la'asar mota za ta kwashe su zuwa Torkham. Ki je bakin iyaka ki gan ta har ki ƙoshi."

"Me ta sata? Wa ta kashe?"

"Magana ta yi."

"Magana! To kai me kake yi yanzu, haushi?"

Sauran 'yan sandan da ke kan benci suka tuntsire da dariya. Fuskarsa ta haɗe.

"'Yan ƙasa ma suna buɗe baki a kama su, balle ku da aka ara wa wurin shimfiɗa tabarma. Zamanku a Peshawar ya ƙare. Ki fita tun ban haɗa ki da ita ba."

"Ina babbanku?"

"Sufeto Sherzada ya tafi gida cin abinci. Ko can ma za ki bi shi?"

Da gatse ya faɗa. Bahtawara kuwa ta tsaya cak, ta gyara mayafinta, ta fita ba ta ko tofa masa zagin sallama ba.

Kowa a unguwarmu ya san bakin Bahtawara. Tun tana amarya ta tsallako duwatsu daga Afghanistan a kan jaki, jiragen Rasha na aman wuta a bayanta. A nan ta tsufa a gaban tanderu, tana gasa gurasa mai dankali tana sayarwa a kasuwar Board Bazar. A nan ta binne mijinta da 'ya'yanta maza biyu. Wajma kaɗai ta rage mata, autarta, wadda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira, ba ta taɓa ganin Afghanistan ba sai a talabijin. Ita ke koyar da 'yan mata a makarantar 'yan gudun hijira. Jiya da mutanenmu suka taru a bakin titi kan korar da ake yi mana, Wajma ce ta karɓi lasifika. Ba ta bar kowa ba: ta taɓa masu korar, ta taɓa masu mulkin Kabul da suka kulle wa 'yan mata makarantu. Kafin magariba hotonta ya shiga kowace waya, a wannan ɓangaren iyaka da wancan. In mota ta sauke ta a Torkham, akwai masu jiranta.

Riksha, keken haya mai ƙafa uku, ta sauke Bahtawara a unguwar Tehkal, a gaban wata koriyar ƙofar ƙarfe. Ba sai ta yi tambaya ba. Sherzada ɗan ƙabilar Mohmand ne kamar ita. Ƙauyen kakansa yana wannan gefen dutse, na kakanta yana wancan. Ta tura ƙofar ta shiga ba sallama.

Yana zaune a tsakar gida da singileti, rigar aikinsa a rataye jikin bishiyar lemo, hannunsa cikin shinkafa da nama. Tsohuwarsa na kan gadon igiya tana jan carbi.

"Wace ce wannan? Wa ya buɗe mata?"

Bahtawara ta tako har gabansa. Ta sa hannu biyu ta yaye mayafinta. Furfurar da ba namijin da ya gani tun rasuwar mijinta ta fito fili. Ta dunƙule mayafin ta jefa masa a ƙafa.

Carbin tsohuwar ya tsaya.

Sherzada ya janye ƙafarsa kamar an jefo masa garwashi. Ya san abin da aka yi masa. A wajenmu, idan mace ta ajiye mayafinta a ƙafar namiji a cikin gidansa, ba ya tsallake shi, ba ya kuma barin ta fita da kai a buɗe. Sai ya ɗauka ya rufa mata, in ya rufa kuwa ya ɗauki kukanta.

"Wannan iskancin zamanin da ne," in ji shi. "Ɗauki tsummanki ki fita. Akwai ofis, akwai doka."

"Na je ofis ɗin. Karnukanka suka ce in biyo ka gida."

"Ki iya bakinki, tsohuwa!"

"Da na iya shi da ban zo ba. 'Yata Wajma tana hannunka. Ka san inda za ka kai ta, ka kuma san abin da za su yi mata. Wane littafi ne ya ce a yanka mace don ta yi magana a titi? Ku da kuke fitowa a talabijin kullum kuna zagin juna, wa ya ɗora ku a mota?"

"Mu ƙasarmu ce."

"Ƙasar ta cinye mini maza uku. Ba ta ce musu baƙi ne ba da ta buɗe baki."

"Sherzada," in ji tsohuwar daga kan gado, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ɗauka."

"Inna, ba ki san kan maganar ba. Sunan yarinyar ya riga ya kai sama. Ki bar ni da aikina."

"Ni ban san aikinka ba. Na dai san in matar nan ta fita ƙofata da furfura a waje, gobe ba zan iya shiga gidan makoki ko na suna ba. Ubanka bai taɓa tsallake mayafi ba. Ɗauka, na ce."

Ya daɗe yana kallon mayafin, yana huci. Sannan ya goge hannunsa a jikin singileti, ya sunkuya ya ɗauka da 'yan yatsu biyu, ya wurga mata a ka ba tare da ya kalle ta ba.

"Kin ci ni da yaƙi a gaban uwata. To ji iyakar abin da zan iya. Na sama ba za su bar ni in sauke ta daga motar hannu banza ba. Za ta tsaya a gaban waya ta ce ruɗinta aka yi, wasu suka rubuta mata abin da ta faɗa, ba wanda ya zalunce ku, tana neman afuwa. In ta faɗa, ta bi ki gida, ni kuma in kau da kai daga ƙofarku muddin ina wannan caji ofis ɗin. In ta ƙi, na fita haƙƙinki."

"Shi ke nan? Magana kawai?"

"Magana kawai," in ji shi, yana wani murmushi marar kyau.

A bayan motarsa ta dawo. Ɗan sandan ɗazu yana ganinta a bayan Sufeto ya miƙe ya ƙame, ita kuwa ta wuce shi kamar turken jaki.

Aka fito da Wajma daga ɗakin da aka cusa matan, aka kawo ta wani ofis mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Leɓenta a fashe, gilashin idonta ya rasa ƙafa ɗaya, ta ɗaure shi da zare. Tana ganin uwarta ta rungume ta. Bahtawara ta ture ta baya don ta ga fuskar da kyau.

"Wane ɗan banzan ne ya fasa miki baki?"

"Bar shi, Inna. Ya aka yi suka bar ki kika shigo?"

Bahtawara ta gaya mata duka, a gajarce, kamar mai ba da saƙon cefane. Da ta kai kan mayafin, Wajma ta rufe ido.

"Kin buɗe kanki a gabansa?"

"Kaina ne. Ke dai ki buɗe bakinki ki faɗi abin da ya ce, mu tafi. Na bar ƙullu yana kumbura."

"Kin ji abin da na faɗa jiya kuwa?"

"Ina ruwana? Shirmen 'yan makaranta."

"Cewa na yi uwata ta binne mutum uku a ƙasar nan, in za ku kore mu ku ba mu lokaci mu tono su mu tafi da su. Cewa na yi can sun rufe wa mata makaranta, nan sun rufe mana ƙofa, sai mu koma cikin uwayenmu? Maganar wa ce wannan, Inna?"

Bahtawara ta fashe da faɗa. "A gaban tanderu nake faɗa! A ɗaki nake faɗa! Wa ya aike ki ki kai ta titi da lasifika? Ni na sa ki makaranta don ki zame mini ƙaho?"

"Ya ce in ce wasu ne suka rubuta mini. Ke ko alif ba ki sani ba."

"Kada ki yi mini wayo, 'yar nema. Na haife ki ina tsugune a tanti ruwa na zuba, ba don in miƙa ki ga masu bulala ba."

"Matan da ke ɗakin can, saboda ni wasunsu suka fito. Uwar ɗalibata Torpekai tana ciki da jariri. Su za su hau mota, ni in tsaya in ce ƙarya muka yi?"

"Su ma su je su nemo uwayensu!"

Sherzada ya leƙo, waya a hannunsa. "Mota ta iso. Ba kwana zan yi ina jiranku ba."

Wajma ta cire gilashin, ta goge shi da gefen rigarta, ta mayar. Muryarta ta sauka, ta koma irin ta lokacin da take ƙarama.

"Tsoro nake ji, Inna. Ba zan ɓoye miki ba, tun jiya ban runtsa ba. Ni ba zan iya zaɓa ba. Ke kika haife ni, maganar ma taki ce. In kin ce in janye ta, zan janye. Ki faɗa mini kawai."

A waje injin babbar motar yana gurnani, ana jin ƙarar ƙarfen bayanta da aka sauke. Bahtawara ta kalli fasasshen leɓen, ta kalli zaren da ke riƙe da gilashin. 

"Janye," ta ce.

Aka tsayar da Wajma jikin bango. Sherzada ya ɗaga waya. Sau uku ya sa ta maimaita, don ya ce na farko ba ta kalli wayar ba, na biyu kuma ba ta yi godiya ba. A na uku ta faɗa tiryan-tiryan kamar mai karanta wa yara darasi: ruɗarta aka yi, ba wanda ya zalunce su, ba ta san zafin abin da ta faɗa ba, tana neman afuwa, ta gode. Bahtawara tana tsaye a gefe ta cusa gefen mayafinta a baki tana cizo.

"Kin gani?" in ji Sherzada yana sa wayar a aljihu. "Ko ciwo babu. Ki gaida gida, Iya. Kada ki sake taka ƙofata."

Sai da suka ratsa ta gefen motar kafin su kai titi, don ba wata hanya. Ana ta tura mata sama, wasu da ƙunshin kaya, wasu da takalmi ƙafa ɗaya. Surutu ya ɗauke da aka ga Wajma tana tafiya ba ɗan sanda a bayanta. Wata mai jariri a kafaɗa ta leƙo ta saman katakon motar.

"Malama? Ina za ki?"

Wajma ba ta ɗaga kai ba.

"Sun sake ta," in ji wata. "Me kika ba su, Malama?"

Yawu ya sauka a ƙasa dab da ƙafarta. Bahtawara ta juya za ta yi magana, Wajma ta ja ta gaba da ƙarfin da uwar ba ta san tana da shi ba.

Suka tare riksha. Direban, wani mai jan gemu da ya sha lalle, yana jin Bahtawara ta faɗi sunan unguwa ya gane harshen. Ya kalle su ta madubi, ya tofar da tabar da ke bakinsa.

"'Yan Kabul ne ashe. Ba ku ga motarku can ba? Kyauta ce fa." Ya yi dariya shi kaɗai. "Kun ci gurasarmu kun ƙoshi, yanzu har da fitowa titi kuna zaginmu da lasifika. Wallahi da ni ne hukuma, har matattunku sai na tono na ɗora muku."

Jinin Bahtawara ya hau. Ta matso gaba a kujerar, ta cika ƙirjinta da iska. Zagin ya riga ya haɗu a bakinta, tun daga gemunsa har kakannin kakanninsa.

Hannun Wajma ya sauka a kan gwiwarta, ya matse.

"Inna," ta ce a hankali, idonta na kan titi. "Yi shiru."

Bahtawara ta kalli hannun. Ta koma ta jingina, ta ja mayafin ta rufe bakinta. Direban ya ci gaba da magana har Board Bazar.