Ƙwai Na Huɗu

Shekara shida ina aure a birnin Lodz, sau biyar mahaifiyata ta zo gidana, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kai abincina bakinta ba. Da kwandonta take zuwa. Burodinta, dafaffen ƙwanta, albasarta, har kofin shayinta naɗe a tsumma. Sai ta zauna a ƙarshen teburina ta shimfiɗa ƙyalle, ta ci nata kamar matafiyi a tasha, ni kuma ina tsaye da tukunya a hannu. Idan na yi magana ta ce, "Cikina ne ba ya son sauyi, Tsirel." Cikinta lafiya lau yake. Da idona na taɓa ganin ta ta tashi da rabin dinya a bikin 'yar maƙwabta.

Laifina ɗaya ne, na auri Getsel. Getsel ma'aikacin masaƙa ne kuma ɗan ƙungiyar ma'aikata, ya yi karatun addini har ya kai shekara goma sha bakwai, sannan ya aske gemu ya ce ya gaji. Yana shan taba ranar Asabar, ranar hutun da addininmu na Yahudawa ya hana kunna wuta. A wurin Mama, gidan da ake ƙyasta ashana ranar Asabar babu tukunyar da za a yarda da ita a cikinsa, ko da mala'ika ne ya wanke ta. Ni kuwa tun da na shigo gidan nan ban taɓa haɗa nama da madara ba, cokulan wannan daban, na wancan daban, yadda ta koya mini. Na faɗa mata da baki, na rubuta mata a wasiƙa. Ta ce ta ji.

Da ta aiko cewa za ta zo mana ranar farko ta Hanuka, bikinmu na kunna fitilu, na rantse a raina cewa wannan karon sai ta ci. Latke zan yi, wainar dankalin da kowane gidan Bayahude yake soyawa a kwanakin nan takwas. Babu nama a ciki balle ta tambayi wa ya yanka. Na sayo sabon kasko, sabon magogi, sabuwar wuƙa da sabon kwano. Na kinkime su cikin dusar ƙanƙara zuwa gidan wankan tsarki, na tsoma su ɗaya bayan ɗaya na yi addu'ar da ake yi, a gaban matar da ke kula da wurin, don in sami shaida. Mai ma ban yarda na taɓa kitsen dinya ba, na sayo na kwalba a rufe, daga shagon wani tsoho mai gemu har cibiya.

"Saura ni," in ji Getsel da ya ga na dawo hannuna ya ƙandare. "Ki ɗauke ni ki je ki tsoma, wataƙila surukata ta amsa gaisuwata."

"Kai ko kwana ka yi a ruwan ba za ka fita ba. Ka dai nemo hularka, kuma in ka kuskura ka yi mata maganar ƙungiya, a bene za ka kwana."

Latken Mama dankali ne da albasa, shi ke nan, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ni na saba da na birni, ina goga karas a ciki, da burik, jan tushen nan da ke rina hannu kamar an yi yanka. Da na yi irin nata da an zauna lafiya. Amma ina so ta san ni ma ina da hannuna, ba inuwarta ba ce. Girman kai ne ya ja ni, ba na musu.

Ta ce jirgin ƙasan da za ta hau sai ƙarfe uku zai iso. Tun tsakar rana na zauna ina guga, na matse ruwan a tsumma, na zuba fulawa da gishiri. Sai ƙwai. Kowace yarinya a garinmu ta san ba a fasa ƙwai kai tsaye cikin abinci. A kofin gilashi ake fasawa, a ɗaga shi wajen haske a duba sama da ƙasa, in an ga ɗigon jini ko da kamar kan allura ne, a zubar. Na fasa na farko na duba, na biyu, na uku. Ƙullin bai haɗe ba, na ɗauki na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe a gidan. Yana hannuna na ji muryarta a bene, ƙarfe biyu ko cika ba ta yi ba.

"Wannan bene ne ko hanyar zuwa sama? Mutum ya haifi 'ya ta je ta tare a kan rufi kamar tantabara."

Na dubi ɗakin, ɓawo ko'ina, gabana duk ja. Hannuna ne ya yi aikin ba da shawarata ba. Na buga ƙwan a bakin kwano ya faɗa cikin ƙullin. Yana faɗawa na ga wani ɗan ja a jikin gwaiduwar. Jini ne? Ruwan burik ne daga babban yatsana? Kafin in sunkuya in duba, cokali ya riga ya zagaya sau biyu, komai ya koma ja iri ɗaya. Dankalin gidan kaf yana cikin kwanon nan, kuma ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta shigo da kwandon. Shi na fara gani kafin fuskarta. Ta sumbace ni a goshi, ta ce na rame, ta dubi Getsel da hularsa ta ce, "Sannu," kamar an ciro kalmar da ƙugiya. Ta leƙa kwanon.

"Mene ne wannan kuma?"

"Latke ne, Mama."

"Latke ja? To. Birni ke nan."

Rana ta faɗi da wuri kamar yadda take yi a wannan watan. Getsel ya kunna fitila ta farko a bakin taga, ya rera addu'ar daidai, babu harafin da ya ci, don abin da aka dasa wa mutum da bulala ba ya fita. Mama ta ce amin tana kallon bango. Daga nan muka zauna, tunda mace ba ta aiki sai fitilar ta ci rabin sa'a. Ina zaune da jan hannu a cinya, tana ba ni labarin 'yar ƙanwarta Hodes, wadda ta auri mai yankan garinmu, wadda gidanta ko a ƙasa aka zuba miya za a iya lasa. Na cika fam, amma na haɗiye.

Lokacin na cika na tashi na ɗora kasko. Ina juyowa na gan ta tana kwance tsumman kwando. Ta shimfiɗa ƙyallen nan nata a ƙarshen teburi, ta ciro burodi, ta ciro kofi. A nan zuciya ta ɗebe ni.

"Mayar da shi, Mama."

"Cikina ne, Tsirel, kin san..."

"Cikinki ƙalau yake. Ni ce ba ki yarda da ni ba, ki faɗa kawai mu huta. Shekara shida kina zuwa gidana da guzuri kamar za ki ƙetare daji. Maƙwabta suna tambayata ko kuturta gare ni. Kin ga kaskon nan? Sabo ne. Magogin sabo, wuƙar sabuwa. A wuyana na ɗauke su har gidan wanka cikin ƙanƙara, matar wurin tana nan, ki je ki tambaye ta tunda maganar bare ta fi tawa daraja. Ga kwalbar mai, yanzu na ɓalle murfin a gabanki. Me kuma ya rage? In yanke hannun in sayo sabo?"

"Da uwarki kike magana."

"Da uwata nake magana, shi ya sa yake ƙona ni. Wa ya koya mini raba cokali? Wa ya mare ni ina shekara tara don na yanka cuku da wuƙar nama? Ke kika dasa, kuma ke kike cewa bai tsiro ba. Na taɓa ɓoye miki wani abu? Kika tambaye ni ko yana shan taba ranar Asabar, na ce yana sha. Da na so da na ce a'a, kina can ƙauye ina za ki sani? In yau ma daga kwandon nan za ki ci, to ki ci, amma kada ki sake hawa benen nan. Ki tsaya gidan Hodes ki lashi ƙasa."

Getsel ya tuna cewa akwai gawayin da zai ɗebo a ƙasa, ya sulale. Jarumin ƙungiya ke nan, mai tsayawa gaban mai masaƙa ya yi ta zuba, amma mata biyu sun kore shi daga ɗakinsa.

Mama ta tashi a hankali ta zo wajen murhu. Ta ɗaga kaskon ta juya bayansa, ta ga ko baƙin hayaƙi bai gama kama shi ba. Ta ɗauki kwalbar ta karanta takardar jikinta har ƙasa, tana motsa baki. Ta shafa haƙoran magogi da yatsa. Ina tsaye ina kallo ana bincike na kamar ɓarauniya a kasuwa, a ɗakin girkina, kuma abin haushin shi ne ina addu'a in ci jarrabawar. Ta koma ta zauna, ta naɗe ƙyallenta ta mayar cikin kwando.

"Soya," ta ce.

Na soya. Man ya yi zafi daidai, ƙullin ya faɗa yana tsuwa, gefen ya yi ƙus-ƙus, tsakiyar ta yi ja mai duhu. Ban taɓa yin wanda ya kai su kyau ba, kuma wannan ma ya ƙara mini haushi. Na ɗora uku a sabon faranti na ajiye a gabanta. Getsel ya dawo da bokitin gawayi ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

Ta ɗauki ɗaya da yatsu, ta hura, ta kai shi kusa da baki. Sai ta tsaya.

"Ƙwai nawa kika sa?"

"Huɗu."

"Da wannan jan abin naki ko jini ne a ciki ba mai gani." Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali ta yi maganar. "Kin duba su a kofi?"

Kofin yana nan a kan teburi, da sauran farin ƙwai a gindinsa. Na san abin da zai faru in na ce uku na duba. Za ta ajiye, ta goge yatsunta, ta ce ba komai 'yata, ta jawo kwando. Ba za ta yi fushi ba ma, kuma ba za ta ƙara gwadawa ba har ta mutu. Na san Getsel zai iya kawo mata hujja daga littattafan da ya bari, cewa abin da ya riga ya gauraye ba a san tabbas ba yana da sauƙi, na kuma san ba za ta karɓi hukunci daga bakin mai shan taba ranar Asabar ba. Latken yana tururi tsakanin yatsunta.

"Na duba," na ce.

"Duka huɗun?"

"Duka huɗun, Mama."

Ta rufe ido ta yi addu'ar cin abinci da ƙarfi, kalma kalma, ta ambaci sunan Ubangiji a kan abin da na ba ta. Ni kuma na ce amin. Ta gutsura. Ta tauna a hankali tana gyaɗa kai, ta cinye, ta ɗauki na biyu. Ta ce gishirin ya ɗan yi yawa, amma karas ɗin ba laifi, wa ya koya mini? Ta dubi ƙofa ta ce, "Getsel, shigo mana ka zauna, ka tsaya kamar mai bin bashin gaisuwa." Wannan ne karo na farko da na ji sunansa a bakinta.

Abin da na shekara shida ina nema ke nan, ga shi a gabana, mai yana naso a haɓarta. Kuma ban taɓa jin haushinta kamar a wannan lokacin ba. Duk shekarun da nake gaya mata gaskiya tana barin gidana da guzurinta, yau da na yi mata ƙarya take neman ƙari. Na ji haushin Getsel da ke ci yana murmushi bai san komai ba, na ji haushin kazar da ta yi ƙwan. Haushin kaina kuwa ya fi duka, ko latke ɗaya ban ɗauka ba.

"Ke ba za ki ci ba?" in ji ta.

"Hayaƙin mai ya cika mini ciki."

Ta miƙo farantin in ƙara mata. Da na sunkuya zan karɓa sai ta riƙe wuyan hannuna, jan hannun nan, ta ɗan matsa.

"Kin san abin da ya sa na ci? Ba don kaskon ba, kasko kowa zai iya saya. Ke dai bakinki ba linzami, tun kina ƙarama haka kike, kin sa ni kuka ba sau ɗaya ba. Amma ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Duk hanya a jirgi abin da nake gaya wa kaina ke nan."

Na zare hannuna na koma wajen murhu. Na ɗebi ƙullin na zuba a mai, na tsaya na ba ta baya, ina jin ta tana gaya wa mijina cewa baɗi da ƙanwarta za ta zo, kuma ba za ta ɗauko kwando ba.