Siska da Keken Cefane

Rékia ta buɗe ƙofar baranda ta tarar ba kowa. Kwanon ruwa na nan, bargo na nan, karyar ce babu. Ta leƙa ɗakin baƙi, Kawu Ɗan Juma ma ba ya nan. Ta dubi agogo. Ƙarfe ɗaya da rabi, ga shi ƙarfe biyu Madam Alice za ta iso Bron, unguwarsu da ke gefen birnin Lyon.

Siska karya ce mai jan amalanken ƙanƙara a duwatsun gabas da Lyon. Shekara biyar ita ke gaba, karnuka takwas na bin ta. Bara wani sabon direba ya kifar da amalanken, ya huce haushinsa a kanta da duka. Tun ranar ba ta sake yarda da hannun mutum ba. Ko wa ya miƙo hannu sai ta kai masa cizo. Alice, mai karnukan, ta kawo ta asibitin dabbobin da Rékia ke aiki, Rékia kuma ta roƙa a bar mata ita wata guda a gida. Yau watan ya cika. In babu sauyi, allurar mutuwa za a yi mata.

Ana cikin haka Kawu ya rufe shagonsa na atamfa a Belleville, ya hawo jirgin ƙasa daga Paris don a duba masa ido. Ranar da ya iso ya ga karya a baranda, sai da ya yi salati.

"Ɗiyar Batula, da kare kike kwana gida ɗaya? Abin da aka turo ki Faransa ki koyo ke nan?"

A iya sanin Rékia, kwana biyar ke nan bai ko dubi sashen barandar ba.

Rékia ta sauka a guje. In Siska ta ciji tsohon nan, me za ta gaya wa dangi? A bakin gini ta yi karo da Alice tana fitowa daga mota.

"Ina take?" in ji Alice da Faransanci.

Kafin Rékia ta haɗa ƙaryar da za ta yi, sai suka ji murya daga kan kwana.

"Hagu! Hagu, na ce, 'yar nema!"

Ga Siska tafe cikin ɗamarar aikinta, kunnuwa a tsaye, bindi sama. Igiya ta taso daga bayanta zuwa keken cefanen Rékia, wanda aka cika da buhun shinkafa da albasa da galan ɗin mai. Kawu na riƙe da keken ta baya, babbar riga a kan kwat, yana ɗan sassarfa.

"Tsaya!"

Siska ta tsaya cak. Kawu ya ga matan biyu, ya gyara hula, ya haɗe rai.

"Kawu! Me kuke yi haka?"

"Cefane. Ko ni kike so in ɗauki buhu, ga ƙatuwa tana kwance tana cin nama a banza?"

Alice ta durƙusa nesa kaɗan, ta kasa ɗauke ido daga karyar. Ta ce a tambaye shi yadda aka yi ya sa mata ɗamarar, ita da ta yi wata shida tana gwadawa.

"Ni in taɓa kare? Allah ya kiyaye," in ji Kawu. "Jikin kujera na rataye abin, na kau da kai, na maida hannuwana baya. Ita ta sa kanta da kanta. Yau kwana uku muna fita in kin tafi aiki."

Rékia na fassarawa tana danne dariya. Kawu ya ci gaba, ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi yana kora jakuna tsakanin Tawa ta Nijar da ƙauyensu kafin ya san wani abu wai shi Paris. Jakin da aka zalunta ba a lallashinsa, in ji shi. Ka ba shi kaya daidai ƙarfinsa, ka tsaya bayansa, ka bar shi ya manta da kai.

"Ku kuwa kullum kuna gabanta, kuna miƙa hannu, kuna *ma belle, ma belle*, wai kyakkyawata. Ko ni ne sai in ciji mutum."

Alice ta miƙe, ta koma bayan keken, ta kama.

"*Allez*, Siska. *En avant*," ta ba ta umarnin tafiya da Faransanci.

Siska ta waiwayo, ta dube ta, ta zauna. Alice ta sake gwadawa. Siska ta yi hamma.

"Mu je," in ji Kawu can ƙasa, kamar mai magana da kansa.

Karyar ta zabura har sai da Alice ta yi tuntuɓe. Ta bi keken da gudu zuwa ƙarshen layi, ta dawo tana haki, tana dariya, ido cike da hawaye. Ta ciro biro, ta ce Rékia ta rubuta mata kalmomin nan uku na Kawu a bayan hannu. Sannan ta roƙi Kawu ya zo dutse mako guda, har Siska ta saba da muryarta.

"Ki gaya mata ni ɗan kasuwa ne. Ina da shago, ina da mutunci."

Rékia ta gaya mata. Alice ta gyaɗa kai, ta buɗe bayan mota. Siska ta ƙi shiga. Ta tsaya kusa da ƙafar Kawu, ba ta taɓa shi ba, shi ma bai dube ta ba.

Ya daɗe yana kallon sama.

"Dutsen nan," ya ce, "ta ina alƙibla take?"